Masu Ƙaunar Pancham, Sannunku da Ƙoƙari

Duk wanda ya ce 'yan kasuwar waƙa na Mumbai ba su san darajar mutum ba ya yi musu ƙage. Sun sani sarai. Mutane ne dai masu haƙuri da natsuwa, ba sa gaggawar nuna ƙauna, sukan jira har mutum ya mutu tukuna. Wanda ke shakka ya dubi irin gatan da suka yi wa Rahul Dev Burman, wanda masoyansa ke kira Pancham.

An haife shi a 1939, ɗa ne ga shahararren makaɗi S.D. Burman, ya kuma tsara kiɗan finafinai sama da 300. Shi ya yi Teesri Manzil a 1966, da Hare Rama Hare Krishna a 1971, da Yaadon Ki Baaraat a 1973, da Sholay a 1975. Dattawan da suka yi layin tikiti a Plaza da El Dorado a Kano sun haddace kiɗansa ko da ba su riƙe sunansa ba. Mutum ne mai wahalar da kansa a banza. Don buɗe waƙar Chura Liya sai da aka ƙwanƙwasa cokali a jikin kofin gilashi, a Mehbooba kuma aka hura bakin kwalba har ta ba da amon da yake so. Ga masu goge da masu busa da masu ganga cike da ɗaki, in ɗaya ya kuskure a koma farko. Ina amfanin wannan wahala, alhali yau yaro ɗaya da kwamfuta ya ishe ta kafin la'asar?

Furodusoshi suka lura da gajiyarsa, tausayi ya kama su. A ƙarshen shekarun 1980, da wasu finafinansa suka faɗi a kasuwa, sai suka ba shi hutu, hutu mai tsawo wanda bai roƙa ba. Waɗanda suka yi arziki da kiɗansa suka daina damun sa da sallama. Fim ɗin Ram Lakhan na 1989, wanda ya sa rai da shi, aka sauƙaƙa masa aka miƙa wa Laxmikant da Pyarelal. Ciwon zuciya ya kama shi a 1988, aka yi masa aiki a Landan, nan ma ba a cika masa ɗaki da 'yan dubiya ba, don maras lafiya na buƙatar shiru. Ran 4 ga Janairu 1994 ya rasu yana da shekara 54.

Daga ranar ƙauna ta ɓalle kamar an fasa madatsa. Bayan 'yan watanni fim ɗin 1942: A Love Story, wanda ya tsara wa kiɗa, ya fito, kowa ya tuna ashe gwani ne. A 1995 aka ba shi kyautar Filmfare, har aka ƙirƙiro wata sabuwar kyauta da sunansa don sababbin makaɗa. Wace karramawa ta fi wannan? Ba a ɗora masa nauyin hawa dandamali ba, ba a sa shi jawabin godiya ba.

Sai aka shiga gyara masa aiki, tunda ya tafi ya bar shi da kurakurai. Tun zamanin kaset an fara, da salon da ake kira jhankar: a ɗauko tsohuwar waƙa a zuba mata gangar inji da amsa-kuwwa daga farko har ƙarshe, ko ta baƙin ciki ce, don kada mai sauraro ya shagala da jin kalmomi. Rimiks ya biyo baya, aka yanke gabatarwar da ya kwana yana ginawa, aka ƙara sauri, aka cusa 'yan kalmomin Turanci a inda shi ya bar sarari don numfashi. A 2011 aka sake ɗinka waƙarsa Dum Maro Dum da sababbin baituka, a 2014 aka maido Sholay da fasahar 3D tare da sabunta kiɗan da ke bayan hoto. Tsakanin wannan da wancan kuwa, 'yan waƙoƙinsa da suka fi shahara dai su ne ake ta juyawa: a faifan garmaho, a kaset, a sidi, a sidin da aka ce an tace, a akwatin Carvaan da kamfanin Saregama ya fitar a 2017, yanzu kuma a waya. Kowane fitowa da sabon bango da sabon farashi. Mutumin da ya sayi waƙa ɗaya sau biyar ai ba zai manta da mai ita ba.

An kuma kiyaye shi daga fitinar dukiya. Tun 1977 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa kiɗan da aka yi wa fim mallakar furodusa ne matuƙar ya biya ladan aiki. Sai a 2012, bayan fafutukar su Javed Akhtar, majalisa ta gyara doka ta tabbatar wa makaɗi da marubucin waƙa kasonsu, lokacin Pancham ya shekara 18 da mutuwa. Su Manohari Singh mai saksofon da Maruti Rao Keer mai kula da ganguna da Kersi Lord, waɗanda hannayensu suka fitar da amon da ake ta sayarwa, an rufa musu asiri, sai mai bin diddigi ne ke sanin sunayensu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tsari ne mai kyau, kowa ya san matsayinsa.

Masoya ma sun cancanci tasu jinjinar, don ba su bar kamfanoni sun yi aikin su kaɗai ba. Wannan ya rantse faifan garmaho ne kawai ke ɗauke da ainihin amon, har ƙarar allurar ma daɗi take masa. Wancan ya ce tacewa ta fito da gitar da shekaru suka binne. Matashi ya ce in ba don rimiks ba da wa ya san shi. Ga masu cewa Mehbooba daga waƙar Demis Roussos aka ɗauko ta, don haka mai aro ba ya kukan an are shi. Ga 'yan ɓangaren uban, masu cewa ɗan bai kai ƙafarsa ba. Za su kwana suna musu a kan ko sabon bugu ya fi tsoho da daƙiƙa goma sha, kowa ya ruga ya saya don ya kafa hujja. Abin burgewa shi ne ladabinsu: ba a cika jin mai tambayar aljihun wa kuɗin ke shiga ba. Tambaya irin wannan ai sai ta ɓata zumunci.

Makaɗan da ke raye yau, waɗanda wayarsu ta daina ƙara, kada su karaya. Ana sane da su, lokacinsu ne bai yi ba. Da zarar an fitar da su daga gida a kafaɗa, za a buga musu tarin waƙoƙi mai bangon zinariya, a rubuta cewa ba za a sake irinsu ba.

Ku kuma masu wannan hidima, kamfanoni da furodusoshi da masu gyaran abin da bai lalace ba, bakinmu ya yi kaɗan wajen godiya. Allah Ya saka muku da kwatankwacin abin da kuka yi masa, ranar da kasuwarku ta juya baya.