Sannunku da Tsaron Ƙofa

Yabon gwani ya zama dole, kuma gwanayen da zan yaba yau samun irinsu sai an tona. Su ne masu manyan sito na kaya a Amurka da Ingila, irin rumbunan nan da in ka tsaya a ƙofar gabas ba ka hango ta yamma, inda ake jibge takalma da wayoyi da littattafai da sabulu kafin a aika wa wanda ya saya ta intanet. Allah ya ja zamaninku, masu gida. Kun gano abin da ya gagari attajiran farko: yadda mutum zai tsare dukiyarsa daga ɓarawo, kuma wanda ake zargin shi ne zai biya kuɗin gadin.

Ga yadda hikimar take. Lebura ya wuni yana zarya tsakanin kantoci, na'ura a hannunsa tana ƙirga masa daƙiƙoƙi, ya ɗauko wannan, ya ajiye wancan, har ƙafafu su kumbura. Lokacin tashi ya yi, ya buga katinsa, agogon albashi ya tsaya cak. Mai gajeren tunani zai ce shi ke nan, a bar bawan Allah ya tafi gida. Ku kuwa da Allah ya hore wa hangen nesa, sai kuka ajiye masa layi a bakin ƙofa. Ya ciro makulli da walat, ya kwance bel, ya zuba su a tire, ya bi ta cikin na'urar gano ƙarfe, masu gadi su caje shi. Duk wannan a lokacinsa ake yi, ba a naku ba. Da a ce agogon yana bayan masu gadi, da kowane minti na jira daga aljihunku zai fita. Kuka matso da shi gabansu da 'yan taku kaɗan, magana ta ƙare. Wanda ya fara tunanin inda za a kafa agogon nan ya cancanci a naɗa masa rawani.

To, ɗan'adam ba ya rasa ƙorafi. A jihar Nebada ta Amurka wasu ma'aikata biyu da ke aiki a sito na Amazon, waɗanda kamfanin dillancin leburori mai suna Integrity Staffing Solutions ya ɗauka, suka kai ƙara. Suka ce cajen nan yana cin musu kusan minti 25 kullum, kuma ba a biyansu ko sisi. Mu buga lissafi: minti 25 sau biyar a mako ya haura awa biyu, a shekara ya haura awa ɗari, wato kusan kwana 13 na aikin awa takwas. Amazon ya musanta, ya ce yawancin ma'aikata ba sa wuce daƙiƙa 90 a layi. A nan ma akwai abin yabo. Mutumin da ya yarda a je har Kotun Ƙoli saboda daƙiƙa 90, wannan ya san darajar lokaci fiye da kowa.

Ranar 9 ga Disamba, 2014, alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka suka yanke hukunci da murya ɗaya, Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta. Waɗannan alƙalai ne da ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba a kan manyan rigingimun ƙasarsu, amma aljihun lebura ya haɗa kansu. Gwamnatin Obama ma ta shigo tana goyon bayan kamfanin dillancin. Alƙalan suka dogara da wata doka ta 1947, suka ce ai ba don a caje ma'aikatan aka ɗauke su aiki ba, an ɗauke su ne don su ɗauko kaya su ɗaure, kuma ko an soke cajen gaba ɗaya aikin zai tafi daidai. Saboda haka caje ba ya cikin aikin da dole a biya. Ku dubi kyawun wannan magana. In ka ƙi tsayawa a layi, ka rasa aikinka. In ka tsaya, ai ba aiki kake yi ba. Dole ne a kanka, amma ba hakki ba ne a kansu. Malaman da suka ƙware wajen tsaga gashi gida biyu sai su zo su ɗauki darasi.

Ma'aikatan suka ce, to ai da kamfanin ya ƙara masu caje, ko ya rarraba lokacin tashi, da layin bai yi tsawo haka ba. Kotu ta ce wannan magana ce ta teburin ciniki tsakanin ma'aikaci da ubangidansa, a kai ta can. Shawara mai kyau ƙwarai. Abin da ya rage kawai shi ne teburin, domin a lokacin babu sito ɗaya na Amazon a Amurka da ke da ƙungiyar ƙwadago. Sai a Afrilun 2022 ma'aikatan wani sito a birnin Niyok suka fara cin zaɓen kafa ta. An tura maraya ya kai kuka gidan ubansa.

Mu tsallaka ruwa mu gaida Ingila. A garin Shirebrook, inda aka rufe mahaƙar kwal a 1993, kamfanin kayan wasanni na Sports Direct ya kafa katafaren sito a kan filin mahaƙar. Mai kamfanin, Mike Ashley, attajiri ne da ya taɓa mallakar ƙungiyar ƙwallon Newcastle. Dubban leburori, da yawansu 'yan ci-rani daga gabashin Turai, suka samu abin yi ta hannun kamfanonin dillanci. A ƙarshen 2015 jaridar Guardian ta tura wakilai suka shiga a matsayin ma'aikata, suka fito suka ba duniya labarin irin tarbiyyar da ake bayarwa a ciki. A lokacin, bayan an tashi, ana sa mutum ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗaga riga a ga bakin ɗan kamfai. Akwai jerin sunayen tufafi sama da 800 da aka hana ma'aikaci sakawa, don kada rigarsa ta yi kama da ta kanti. Cajen kan ci kamar minti 15, ba biya. Da aka haɗa lissafi, sai ga shi lebura yana tashi da kusan fam 6.50 a awa, alhali mafi ƙarancin albashi a doka a wancan lokacin fam 6.70 ne.

Ga kuma adalci irin na masu awo. A wancan lokacin, in lebura ya makara da minti ɗaya, a yanke masa kuɗin minti 15. In kamfani ya tsare shi minti 15 a ƙofa, ba a ba shi kuɗin minti ɗaya. Mudu biyu ke nan a rumfa ɗaya, babba na saye, ƙarami na sayarwa. A kasuwa mai yin haka sunansa ya ɓaci, yara ma nuna shi suke yi. A Shirebrook an rubuta shi a takarda, an kira shi ƙa'idar aiki.

Kada a manta da dokar laifi shida da aka yi aiki da ita a wurin a wancan lokacin. Yawan hira laifi ne, daɗewa a banɗaki laifi ne, kwanciya rashin lafiya laifi ne. Ka tara shida, ka kama gabanka. Wannan doka ta yi maganin lalaci har ta wuce. BBC ta gano cewa a cikin shekara biyu, 2013 da 2014, an kira motar asibiti zuwa wurin sau 76. A cikin wannan tsakanin ne wata mata ta haihu a banɗakin sito. Wane ubangida ne ba zai yi alfahari da ma'aikatan da naƙuda ma ba ta hana su zuwa aiki ba?

A Yunin 2016 Ashley ya bayyana gaban kwamitin majalisar dokokin Birtaniya, ya amsa cewa lallai an biya ma'aikata ƙasa da abin da doka ta tanada saboda cunkoson da ake yi a wurin caje. 'Yan majalisar suka fitar da rahoto, suka ce ana ɗaukar mutane kamar haja, suka kwatanta wurin da gidajen aikin talakawa na zamanin Sarauniya Biktoriya. Aka amince a mayar wa ma'aikata kusan fam miliyan ɗaya. Sannan a watan Satumba, don a nuna wa duniya cewa caje ba abin kunya ba ne, maigidan da kansa ya jagoranci 'yan jarida zagayen sito, ya tsaya a wurin binciken, ya sa hannu a aljihu, ya zaro damin takardun fam hamsin-hamsin ya ajiye a tire. Ranka ya daɗe, mun gode da wannan darasi. A cikin tiren da lebura ke zuba makullinsa da 'yan canjin mota, ka nuna masa cewa kowa daidai yake a gaban na'ura. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tausayi kuwa, a nan ne kuka fi ƙarfi. A bazarar 2011 zafi a cikin wani sito na Amazon a jihar Fensilbaniya ya haura digiri 38, mutane suna yanke jiki suna faɗuwa. Ma'aikata suka gaya wa jaridar Morning Call cewa an ƙi buɗe manyan ƙofofin lodi iska ta shigo, don gudun kada a fita da kaya. Mai taurin zuciya da sai ya bar su haka nan. Amazon kuwa ya yi hayar motocin asibiti suka tsaya a waje suna jiran wanda zai faɗi. Ƙofa a rufe, kaya lafiya lau, wanda ya suma ga mota. Da labarin ya bazu, kamfanin ya kashe dala miliyan 52 wajen saka na'urorin sanyaya ɗaki, abin da ya nuna kuɗin suna nan tun farko, jarida kawai ake jira.

Akwai kuma wa'azi kyauta. A 2016 kafar Bloomberg ta ruwaito cewa a wasu sito-sito na Amazon an kafa allunan talabijin da ke nuna labarin ma'aikatan da aka kama da sata: inuwar mutum baƙa ba fuska, abin da ya ɗauka, kuɗinsa, da yadda aka kore shi ko aka kama shi. Mutum ya fito daga gidansa da asuba da niyyar neman halal, abin da zai fara gani shi ne hoton abin da ubangidansa ke zaton zai zama. Wace makaranta ce ke ba da irin wannan tarbiyya ba tare da ta karɓi kuɗin makaranta ba?

Wani zai ce, to ashe ba a sata? Ana yi mana. A wurin da dubban mutane ke juya wayoyi da 'yan kayan lantarki masu shiga aljihu, dole a samu mai dogon hannu, kuma mai kaya yana da hakkin tsare kayansa. Babu mai hankalin da zai ce a bar ƙofa a buɗe. Gwanintarku tana wajen zaɓen irin satar da na'ura za ta gani. Na'urar ƙofa tana ihu a kan ƙarfe, tana jin cajar waya a cikin safa. Minti kuwa ba ƙarfe ba ne. Yana wucewa ta gabanta kullum, daga aljihun lebura zuwa asusun kamfani, ko ƙyas ba ta yi. A 2017 wata cibiyar nazarin tattalin arziki a Amurka, Economic Policy Institute, ta ƙiyasta cewa biyan ma'aikata ƙasa da mafi ƙarancin albashi kaɗai yana raba su da kusan dala biliyan 15 a shekara. Ban taɓa jin an kafa allon talabijin a ƙofar wani ofis ana nuna inuwar manajan da ya yi wannan ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, amma tunda shi ke riƙe da fitila, wa zai haska shi?

Ina taya ku jimamin masu ɓata wasa. A Fabrairun 2020 Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta ce dole kamfanin Apple ya biya ma'aikatan kantunansa lokacin da suke ɓatawa ana bincikar jakunkunansu, aka ƙare da sulhu na kusan dala miliyan 30. A Yulin 2021 Kotun Ƙolin Fensilbaniya ta ce a dokar jiharta, lokacin da ma'aikacin Amazon ya yi a layin caje lokacin aiki ne, komai ƙanƙantarsa. Waɗannan alƙalai sun kasa hawa tsanin hikimarku. Sun tsaya a kan tunani irin na mutanen karkara, wai in ka hana mutum tafiya gida, to yana hannunka, in kuwa yana hannunka, ka biya shi. Abin takaicin shi ne, da zarar minti ya koma kan asusun kamfani, ba wanda zai yi mamaki in aka wayi gari an ƙara masu caje, an buɗe ƙofa ta biyu, layi ya gajarce.

A watan nan na Yulin 2021 ne mai Amazon, Jeff Bezos, ya hau roka ya leƙa sararin samaniya na kimanin minti goma, ya sauko ya gode wa ma'aikatan kamfaninsa da masu sayen kaya, ya ce su suka biya kuɗin tafiyar. Ba a taɓa jin attajiri ya faɗi gaskiya tsirara haka ba. Tafiyarsa sama da dawowarsa ba ta kai rabin lokacin da leburorin Nebada suka ce suna tsayawa a ƙofa kowace rana ba.

Saboda haka sannunku da tsaron ƙofa. Yau ma wata mata za ta buga katinta ƙafafunta na zogi, ta shiga layi tana duban agogo, tana lissafin motar da za ta wuce ta da yaron da ke jiranta a gidan raino. Za ta juye aljihunta, a ga babu komai, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Ta tabbatar muku da amanarta sau ɗari biyu da wani abu a shekara, kuma kowane karo ita ta biya kuɗin shaidar. Ku kuma ba a taɓa tsayar da ku a wannan ƙofa an ce ku fito da mintocinta ba. Allah ya saka muku daidai da aikinku, ya auna muku da mudun da kuka auna mata.