Auna Cibiyar Kekenka Kafin Ka Tura Kuɗin Inji

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, kekunan da suka yi shekaru jingine a zaure suka fara dawowa kan titi. Daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, sai ka ga dattijon da ya daɗe da komawa babur ya sake naɗe ƙafar wando. Sai dai ƙasarmu ta nan kudancin Kano ba shimfiɗaɗɗiya ba ce irin ta Kura da Kadawa. Duk wanda ya taɓa tunkarar hawan Riruwai da buhun masara a kariya ya san akwai inda gwiwa take neman a zauna a yi sulhu. Shi ya sa nake goyon bayan a ɗaura wa keke injin lantarki, kuma nake so a ɗaura shi daidai.

Injin iri biyu ne. Akwai mai zama a tsakiyar taya yana juya ta kai tsaye, akwai kuma na tsakiyar keke, wanda ake zurawa a inda ƙarfen feda yake ratsa firam, ya riƙa jan kaca. Na tsakiyar keken nake so wa mutumin Doguwa, domin yana cin moriyar giyar keken: ka sa giya mai sauƙi a kan hawa, injin ya yi ta juyawa cikin walwala bai yi zafi ba. Waɗanda aka fi sani su ne na kamfanin Bafang da ke Suzhou a ƙasar Sin: BBS01 mai wat 250 ko 350, BBS02 mai wat 500 ko 750, sai babban yayansu BBSHD mai wat 1000. Akwai kuma TSDZ2 na kamfanin Tongsheng, wanda yake jin ƙarfin da ka taka ya ƙara maka gwargwado.

To, ɗan'uwa, kafin ka zaɓi wat nawa, kifa keken a kan sirdinsa ka dubi ɗan gajeren bututun nan da ke ƙasan firam, inda fedoji biyu suka haɗu. Ita ce cibiyar keke, kuma ita ke da ta cewa a wannan ciniki, ba kai ba, ba mai sayarwa ba. Ba wanda yake aika a sayo masa hula daga kasuwar Kurmi bai faɗi lambar kansa ba. Amma sai ka ga mutum mai hankali, mai iyali, ya tura kuɗin da ya kai na amfanin gona guda a kawo masa inji, abin da ya faɗa wa mai sayarwa kawai shi ne: "Keken baƙi ne, mai ƙarfi."

Awon yana son a tuɓe wurin tukuna. Idan keken na zamani ne, akwai ɗan ƙarfen da ake murɗawa ya zaro hannun feda. Idan irin na iyayenmu ne mai kota, ka kwance notin, ka tokare hannun fedar daga ƙasa da wani bututu don kada bugun ya sauka kan boris, sannan ka fitar da kotar da guduma. Ka duba gudumar nan da kyau, ka gode mata, ka ba yaro ya kai ta cikin gida ya ajiye a ƙarƙashin gado. Aikinta ya ƙare. Na faɗi haka ne saboda a kowace rumfar gyaran keke akwai wani bawan Allah da ke zaune a benci, bai zo gyaran komai ba, amma da zarar abu ya cije zai ce, "Oga, ɗan ƙwanƙwasa shi mana." Mutumin kirki ne, ka saya masa rake. Kada dai ka bi shawararsa, domin a cikin injin akwai boris da haƙoran giya, har da wata giya ta roba mai tauri, kuma babu ɗayansu da yake yafe duka.

Wurin kwance kofunan cibiyar ma akwai tarko. A yawancin kekuna, kofin ɓangaren kaca tiredinsa na hagu ne, wato ana kwance shi ta inda ake ɗaure sauran notuna. Ƙarti da yawa sun yi gumi sun jiƙe riga suna ƙara ɗaure shi, suna zargin tsatsa.

Idan bututun ya zama fanko, sa rula ta ƙarfe ka auna daga baki zuwa baki. Firam kaɗai, ban da kofi, ban da zobe. Kuma da milimita, ba da yatsu ba, domin tsakanin murna da baƙin ciki a nan milimita 5 ne kacal.

Idan ka ga 68, ka yi alwala ka yi godiya. Wannan shi ne faɗin da ya fi yawa, kuma a kansa aka ƙera injin da ake rubuta wa 68 zuwa 73. Ka zura shi daga ɓangaren kaca, ya leƙo ta hagu da isasshen tiredi. Ka sa ɗan farantin ƙarfen nan mai kunne biyu na cikin kwalin injin, haƙoransa suna kallon firam don su cije shi, ka ɗaure kusoshin M6 guda biyu, ka kawo babban notin M33 ka matse da sifanarsa ta musamman, sannan ka bi shi da noti na biyu mai kulle na farko.

Idan ka ga 73, wanda ya yi yawa a kekunan hawan dutse 'yan Kwatano, injin nan dai zai shiga, amma da ɗan lallashi. Firam ɗin ya cinye milimita 5 daga tiredin, don haka kunnuwan farantin ba za su kai jikin injin ba. Sai ka cike tazarar da wasa mai kaurin milimita 5 a kowace kusa, ka nemo kusoshin da suka fi na cikin kwali tsawo. Sau da yawa noti na biyu ba ya samun wurin zama. Kada ka tilasta masa ya kama da zagaye ɗaya don a ce ka sa. Ka shafa wa na farkon maganin hana noti kwancewa, ka matse shi sosai, ka riƙa duba shi ranar kowace kasuwa.

Yanzu ga inda zuciyata take, wato tsohon Raleigh. Wannan keke ya kai amare, ya kai hatsi, ya kai malamai makaranta, har masana'antarsa aka yi a Kano. Amma Raleigh na asali, ƙirar Nottingham ta Ingila, ya bi tsarin kansa: tiredinsa 26 ne a inci maimakon 24 na sauran, faɗin cibiyarsa kuma 71 ko 76. Tiredin ba damuwa ba ne, tunda injin ratsawa yake yi, ba ya ɗaura da shi. Mai 71 zai karɓi inji da 'yan wasa. Mai 76 kuwa ya wuce iyaka, noti ba zai sami abin kamawa ba. Nan ne za a ce maka a kai wa mai walda ya rage bututun da injin yanka. Ina roƙonka kada ka yarda. Bakin da aka yanka da hannu ba ya miƙewa, injin zai zauna a karkace, kaca ta yi ta faɗuwa, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya tsirowa. Hanyar da ta fi ita ce a sayi inji mai dogon wuya na 100 a cike ragowar milimita 24 da zobba, akasarinsu ta hagu, ka haƙura da cewa ƙafarka ta hagu za ta ɗan buɗe.

Ko an warware wannan, Raleigh da Phoenix da Hero masu birkin sanda suna da sauran magana. Sandar birkin baya tana bi ta ƙarƙashin cibiyar, daidai inda injin yake son kwanciya. Murfin kaca sai ya tafi. Giya ɗaya ce, don haka fa'idar da ta sa muka zaɓi injin tsakiya ta ragu. Birkin sanda kuma an yi shi ne don gudun ƙafa, ba don wat 750 da buhu biyu a gangara ba. Idan Kawu ya dage cewa nasa za a sa wa, ka durƙusa ka ce, "Kawu, wannan keken ya yi aikinsa, a bar shi da zuwa masallacin Juma'a, mu nemo ɗan Kwatano mai giya ya ɗauki wahalar." Zai yi faɗa, amma idan ka goge masa Raleigh ɗin ka sa masa sabuwar ƙararrawa zai sauko.

Masu 100 da 120 su ne kekunan nan masu ƙatuwar taya da ke tafiya a kan rairayi, kuma BBSHD yana zuwa da waɗannan tsawon. Dokar guda ce: wuyan inji ya fi cibiya tsawo, zobba za su gyara, ya gaza, sai dai a mayar wa mai kaya.

Saura faɗin ramin. Wuyan injin ya kai kusan milimita 33 da rabi, ramin keke mai tiredi kuma bai cika 34 ba, to ka ga tsatsa kaɗan ko ɗigon walda ya isa ya tare hanya. Zura yatsa ka shafa ciki. Sau da yawa mai laifin wata 'yar kusa ce da ke riƙe robar wayoyin giya a ƙasan firam, ta leƙo cikin bututun. Kwance ta, ka bi wurin da magagari a hankali, ka shafa giris, injin ya shige da hannu. Idan kuma ramin ya yi gaho, kamar na kekuna ƙirar Amurka mai milimita 51 da 'yan kai, ko na zamani marasa tiredi masu 41 da 42 da 46, akwai zobban da aka ƙera don rage shi. Gwangwanin madara da aka yanka aka naɗe ba ya cikinsu, ko da mutumin benci ya rantse ya ga an yi.

Kafin matsewar ƙarshe, duba abu biyu. Jikin injin ta dama kada ya taɓa ƙarfen firam da ya tafi tayar baya. Idan ya taɓa, sa siririn zobe ta daman, amma kaɗan, don kowane milimita yana ture farantin kaca waje, kacar ta karkace daga manyan giyoyin da kake buƙata a hawa. Na biyu, murɗo injin sama ya kusanci bututun firam na gaba. Wanda ya bar shi yana reto zai gaisa da kowane dutse da kututture tsakanin gida da gona, da damina kuma shi zai fara shiga rafi.

Gwajin farko a yi shi kusa da gida, ko a shimfiɗaɗɗen wuri wajen madatsar ruwan Tiga, ba a titin Jos da ya ratsa dajin Falgore ba, inda za ka yi tafiya mai tsawo babu rumfar mai gyara. Ka fara da giya mai sauƙi, ka daina taka feda ka saki totur duk lokacin da za ka canja giya, ka tabbatar jan birki yana yanke wutar injin. Batir mai bolt 48 da amfiya 13 yana ɗauke da wutar da za ta ba da wat 624 na awa guda, kuma hawa da kaya suna shanye shi da wuri fiye da yadda mai sayarwa zai faɗa maka. Bayan tafiyar farko ka sake bin babban notin da sifana, domin haƙoran farantin sun ƙara nutsewa cikin firam, sai ka ga ya karɓi wani ɗan murɗi. Ka sa sifanar da mahaɗin kaca guda a jakar da ke ƙarƙashin sirdi, sannan ka ɗora masarar.