Ajiye Manhajar Tikiti, Alhaji

Wanda zai sauka a Faris tun yana sama yake gama lissafi: a buga masa fasfo, ya ɗauki akwati, ya shiga gari ya hau jirgin ƙasa, ƙasa da awa ɗaya da rabi yana Beljiyam. Bahaɗejen da ya koyo wannan ɗabi'a, ya dira filin jirgin Malam Aminu Kano da niyyar leƙa dangi a Maraɗi kafin ya wuce gida, sai dai a yi masa sannu.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021. Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, har da reshe zuwa Dutse. A taswira tuni ya isa. Matsalar dai akwati ba ya hawa taswira.

Tsohon layin Nguru kuwa tun 1930 ya ratsa Malam Madori ya kauce wa Haɗejiya, kamar wanda ake bi bashi. In kogi ya tumbatsa, abin hawan da ke cika alkawari a fadama kwalekwale ne, shi ma sai mai shi ya gama duba komarsa.

Alhaji, nufi tasha ka lallaɓi ɗan kamasho ya ba ka kujerar gaba.