Zuwa ga Koriyar Ƙofar Kwastan ta Filin Jirgin Saman Munich



Na daɗe ina mamakin halinki. Ba kya tambayar kowa komai, amma duk wanda ya ratsa ta cikinki, a idon dokar Jamus ya riga ya furta cewa babu kayan haraji a tare da shi. Ga 'yar'uwarki jar ƙofa nan gefe, wadda ake bi a bayyana kaya, sai dai ba kowa ke son gaishe ta ba.

Iyakarki Yuro 430 ce ga wanda ya sauko daga jirgi daga wajen Tarayyar Turai, har da Suwizalan, gidan agogunan Rolex da Patek Philippe. Agogon da ya haura haka, ba a kan rarar kaɗai ake lissafi ba, a kan kuɗinsa duka ne. Kuɗin fiton kansa abin dariya ne, bai wuce santi 80 a kan agogo ɗaya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne harajin shigo da kaya na kashi 19 cikin ɗari. Agogon Yuro 20,000, a ajiye 3,800. Ɗaura shi a hannu a jefar da kwalin ba ya hana komai, haka nan cewa kyauta ce aka ba mutum.

Karl-Heinz Rummenigge ya ɗanɗana. A 2013 yana shugabancin Bayern Munich, ya dawo daga Katar da Rolex biyu, ya bi ta cikinki, daga baya ya ce kyauta aka ba shi. Tarar Yuro 249,900 aka yanka masa, domin a Jamus da samun mutum na kullum ake auna tara: kwana 140, kowace rana Yuro 1,785. Mutumin da rabin garin ke yi wa tafi a filin ƙwallo! A Janairun 2024 kuma Arnold Schwarzenegger ya shafe sa'o'i a hannun jami'anki saboda agogon Audemars Piguet ɗin da zai yi gwanjonsa a Ostiriya don tallafa wa aikin kare muhalli. Kyakkyawar niyya ba ta biya masa haraji ba. A nan kam na sara miki, ba ki san babban mutum ba.

Amma ina da ƙorafi. Tun 2008 kike kan 430 ɗin nan. Farashin komai ya tashi, ke ko gezau. Yau wayar hannu mai ɗan dama ta fi haka, balle agogo. Ɗalibin da ya sayo wa mahaifinsa Seiko a Dubai zai iya faɗawa laifi iri ɗaya da na Rummenigge, alhali shi ba shi da lauya a gefe, wataƙila bai ma san cewa shirun da ya yi magana ce ba.

Na san ba ke kika tsara adadin ba, daga mahukuntan Tarayyar Turai a Burasels ya zo. To ki isar musu da saƙona su duba shi. Kafin nan, a ƙara girman rubutun da ke kanki, a sa shi tun wurin ɗaukar jaka.

Naki,
Wani matafiyi