Wai Madubin Webb Ya Tona Asirin Masana?

 Malam mai bincike, ka ce an gama da masana? Ka ce ka gani da idonka a Facebook cewa madubin hangen nesa na James Webb ya leƙa can ƙuryar sama, ya dawo ya ƙaryata masana, yanzu duk sun rasa bakin magana? Madalla. Gyara zama, domin ni ma yau da rigima na tashi, kuma ba inda za ka da wannan murmushin naka na "ai dama na faɗa".

Ka ce ta yaya ɗan Adam da bai san abin da zai ci gobe ba zai ba da labarin abin da ya faru shekara biliyan 13 da suka wuce, shi yana wurin? Ba ya wurin. Amma wa ya ce maka sai kana wuri kake ganin abin da ya faru? Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, duk da haka sai ya yi minti 8 da 'yan kai kafin ya iso daga rana. Ranar da ke dukan ƙeyarka yanzu tsohon labari ce. Idan kaka ta yi, sama ta wanke, hazo bai sauko ba, ka fita bayan gari inda babu fitila bayan lisha, ka ɗaga kai wajen arewa. Akwai wani ɗan tabo fari-fari, dishi-dishi, wanda sai ka ɗan kawar da ido gefe kake ganinsa sosai. Garken taurari ne da ake kira Andromeda, kuma hasken da ya shiga idonka ya baro can shekara miliyan 2.5 da suka wuce. Kai da kanka, ba madubi, ba digiri, ka kalli abin da ya faru tun ba a san za a yi Daura ba. Sannan ka zo kana ce min ba a ganin baya!

Ka ce wannan ai ɗan gajimare ne? Kada ka ji kunya, manya ma haka suka ce. A 1920 masana biyu, Harlow Shapley da Heber Curtis, sun yi muhawara a Washinton kan ko irin waɗannan tabo cikin garken taurarin da muke ciki suke ko garkuna ne masu zaman kansu, aka tashi ba wanda ya kayar da wani. Makullin yana hannun wata mata, Henrietta Leavitt, da ke aikin duba hotunan sama a Harvard. Ita ta gano cewa akwai taurari masu haskawa su dushe, su sake haskawa, kuma tsawon lokacin da suke ɗauka yana faɗin ainihin ƙarfin haskensu. In ka san ainihin hasken abu, ka kuma ga yadda ya raunana kafin ya iso gare ka, ka san nisansa. A watan Oktoba na 1923 Edwin Hubble, a dutsen Wilson da ke Kalifoniya, ya ɗauki hoton Andromeda a kan farantin gilashi. Ya sa wa wani ɗigo harafin N, yana zaton sabon tauraro ne da ya yi tartsatsi. Da ya gwada da tsofaffin hotuna sai ya ga irin tauraron Leavitt ne. Ya ɗauki jan alƙalami ya soke N ɗin, ya rubuta gyara, har da alamar motsin rai. Farantin yana nan har yau. Kai kuwa yaushe rabon da ka soke maganarka da jan alƙalami?

Daga nan aka gane garkunan nesa suna ja da baya, kuma wanda ya fi nisa ya fi gudu. Wani limamin coci ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, ya lissafo haka a 1927, Hubble ya kawo awo a 1929. In komai yana rabuwa da komai, to da can a cure yake. Shi ne abin da ake kira Babbar Fashewa, shekara biliyan 13.8 da suka wuce.

Na san ka. Ka ce fashewa? A ina aka dasa bam ɗin, kuma wa ya ji ƙara? Hanzari ba gudu ba, malam. Babu wani fili da aka tsaya a ciki aka fasa abu ya watse. Sararin ne da kansa yake miƙewa, a ko'ina lokaci ɗaya, har da inda kake zaune kana harararmu. Hasken da ya daɗe a hanya shi ma miƙewa yake tare da sararin, yana rinjaya zuwa ja, har ya wuce jan da ido ke iya gani. Dalilin gina Webb ke nan. An harba shi ranar 25 ga Disamba, 2021, ya je ya zauna kilomita miliyan 1.5 daga nan, da madubi mai faɗin mita 6.5 da aka shafe da zinare don ya kama wannan miƙaƙƙen haske. Kada idonka ya yi ƙyalli da jin zinare. Duka-duka bai cika giram 50 ba, ba sai ka fara neman tsani ba.

Batun jin ƙara kuwa, an ji wani abu mai kama da ita. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna fama da wata ƙatuwar eriya a New Jersey, wani shuu ya hana su sakat. Duk inda suka juya ta, dare da rana, yana nan. Suka leƙa ciki suka tarar tattabaru sun yi sheƙa, sun ɓata ko'ina da kashi. Suka kori tattabaru, suka kankare, suka share. Shuu yana nan daram. Ashe ragowar zafin farkon halitta ne, hasken da ya taso sararin yana da shekara kamar 380,000, ya huce har ya kai digiri 2.7 kacal sama da ƙarshen sanyi. Mutanen da suka share kashin tattabara da hannunsu kafin su yarda da sakamakonsu, su kake ce wa masu shaci-faɗi?

To mu zo kan hujjarka, don ba zan ce ba ka da ita ba. Ruwa ba ya tsami banza. Masana sun zaci garkunan farko za su kasance 'yan ƙanana, marasa haske, ɗai-ɗai. Webb ya duba sai ya tarar da su da yawa, suna walƙiya. A 2024 aka sanar da wani mai suna JADES-GS-z14-0, sunan da ba za ka raɗa wa ko akuya ba, wanda muke ganinsa yadda yake tun sararin bai cika shekara miliyan 300 ba. A 2025 na'urar ALMA da ke hamadar Atakama a ƙasar Chile ta gano iskar oksijin a cikinsa. Ita kuwa oksijin ba da ita aka fara ba. A cikin taurari ake ƙera ta, sai sun mutu sun tarwatse take bazuwa. Ma'ana, tun a wannan lokacin wasu taurari sun rayu, sun mutu, an raba gado. An shiga ɗakin mai jego ranar suna, an tarar da jariri da gemu.

Ka ce shi ke nan, an kama su? Tsaya tukuna. Idan ka ga jariri da gemu, me za ka ce: ba a haife shi ba, ko kuwa ba mu san yadda yara ke girma a gidan nan ba? Nisan garken nan ma, da shekarunsa, da lissafin miƙewar sarari aka auna su, lissafin da kake cewa ya rushe. Abin da ya girgiza shi ne zatonsu kan saurin haihuwar taurari. Wasu na cewa a farko taurari tuli-tuli ake haifarsu a lokaci ɗaya, wasu na cewa manya ne ƙwarai masu ƙuna da sauri. Wasu daga cikin garkunan da aka fara ɗauka ƙattai ne kuma, an dawo ana ganin baƙin rami ne, wato abu mai tsananin ja da ko haske ba ya kuɓuce masa, a tsakiyarsu yake haɗiyar iska yana ƙara musu hasken aro. Akwai ma wasu jajayen ɗigo da Webb ya tsinto birjik a wancan zamanin, har yanzu ana ja-in-ja kan ko mene ne su. Kai ka ji ja-in-ja ka ɗauka kasuwa ta watse, alhali yanzu ta fara ci.

Na ga ka sake ɗaura ɗamara. Ka ce ko saurin miƙewar sararin ba su daidaita a kai ba? Gaskiyarka. Masu auna shi daga wancan tsohon haske, da kumbon Planck na Turai, sun sami kimanin 67, wato kilomita 67 a sakan a kan kowace tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26. Adam Riess da mutanensa, masu bin hanyar Leavitt daga tauraro zuwa tauraro, sun sami 73. Wendy Freedman ta Jami'ar Chicago ta faɗo kusan 70, tana kallon kowa. An ce wataƙila tsohon madubin hangen nesa da aka raɗa wa sunan Hubble ne yake haɗa hasken taurari masu cunkoso, aka sa Webb ya sake duba su, awon Riess ya ƙi motsi.

Amma kafin ka yi guɗa, ka san daga ina aka taso? Hubble da kansa 500 ya samu, lissafin da ya ba sararin shekara kamar biliyan 2, har duwatsun ƙasa suka girmi sararin da ke ɗauke da su. A shekarun 1970 da 1980 Allan Sandage yana cewa 50, Gérard de Vaucouleurs yana cewa 100, kowa ya kafe. Yau rigimar ta dawo tsakanin 67 da 73, kuma abin da ya sa take da zafi shi ne kowane ɓangare ya auna da kyau har ba a iya cewa kuskuren awo ne a wuce. Ni a ganina wannan ce rigima mafi daɗi a fagen yanzu, domin in dukansu suna da gaskiya, akwai wani abu da ya faru tsakanin farko da yau wanda ba ya cikin littafin kowa.

Ka ce ai su da bakinsu suka ce ba su san kashi 95 cikin ɗari na abin da ke sararin ba? Haka ne, kuma wa ya gaya maka? Su. Vera Rubin ce ta nuna a shekarun 1970 cewa taurarin gefen garke suna gudun da ya kamata ya cillar da su, amma wani ɓoyayyen abu yana riƙe da su. Shi ne kusan kashi 27. Kashi 68 kuma wani ɓoyayyen ƙarfi ne da aka gano a 1998 yana ƙara wa miƙewar sauri. Yanzu na'urar DESI a Arizona, mai ƙananan idanu 5,000 da ke juya kansu kowanne ya kama garkensa, ta fara nuna alamar wataƙila ƙarfin nan yana raguwa. Su da kansu suka ce alama ce, ba ta kai hukunci ba. Kai ne kawai za ka tura shi rukuni goma da taken "an gano ƙarshen duniya".

Tunda maganar ƙarshe ta zo, na san akwai wadda kake ɓoyewa a aljihu: wai Andromeda za ta yi karo da garkenmu. Tana tahowa kam, da gudun kusan kilomita 110 a sakan. An daɗe ana cewa karon tabbas ne nan da shekara biliyan 4 zuwa 5. A 2025 wasu masana ƙarƙashin Till Sawala na Jami'ar Helsinki suka sake lissafi, suka sa jan da wasu garkunan maƙwabta ke yi, suka ce rabi da rabi ne cikin shekara biliyan 10. Ko an yi karon ma, tazarar da ke tsakanin taurari ta kai a ratsa juna ba tare da goshin wani ya taɓa na wani ba. Saboda haka in bashi ka ci kana jiran Andromeda ta zo ta shafe shi, malam, tashi ka je ka biya mutane kuɗinsu.