Ku Yi Ta Gardama, Ƙoda Tana Jin Ku

"Ciwon ƙoda ai na 'yan birni ne, masu shan lemun kwalba." Na san haka za ku ce, ku mutanen Gazawa, da ko 'yan Agye da Gidan Runji sun sallama muku a fagen gardama. To, a zuba shayi na biyu, ku gyara zama.

Ƙoda biyu Allah Ya ba kowa, mai jin magana da mai taurin kai, kowace girmanta bai wuce dunƙulen hannunka ba. A cikin kowace akwai 'yan matatai kusan miliyan ɗaya. Kullum suna tace ruwan jini wajen lita 180, su mayar wa jiki kusan duka, su fitar da dattin a fitsari wajen lita ɗaya da rabi. Su ke daidaita gishiri da ruwa, su ke riƙe bugun jini kada ya hau, har saƙo suke aika wa ɓargo ya ƙera sabon jini. Kai da ka yi noman aya kadada ɗaya kake neman a yi maka kirari, ga masu aiki dare da rana ba su taɓa neman goro ba.

"Ni fa lafiyata lau, bayana ba ya ciwo." Sannu, lokotoro! Wa ya ce maka da ciwon baya ƙoda take sallama? Mafi yawan ciwon bayanku na hauya ne da kabu-kabu. Ita ƙoda shiru take lalacewa, shekara da shekaru, hawan jini da ciwon suga suna cin ta a hankali. Ranar da ƙafa da fuska suka kumbura, fitsari ya yi kumfa, ga amai, ga kasala, aikin gama ya kusa gamawa. Nan ne kuma Baba Alhaji zai ce jifa ne. Jifa kam an yi, Baba, amma da hannunka: diclofenac da ibuprofen da kake saye wurin mai tallan magani ranar kasuwa, kana haɗiya safe da yamma, ka bi da jiƙon da ko mai sayarwa bai san abin da ke ciki ba. Yaro mai tsargiya kuma, a daina cewa alamar balaga ce, a kai shi likita.

"In ta mutu ai akwai inji." Akwai, ranka ya daɗe. Wani likita a Holan, Willem Kolff, ya ƙera shi tun 1943. Sai dai wankin ƙoda ba wankin riga ba ne da za a yi sau ɗaya a shanya. Ƙa'idarsa sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, har iyakar rai ko a samu dashe. Ka tambayi masu jinya a asibitin Lamorde da ke Yamai, fiye da kilomita 700 daga ƙofar gidanka, wa ke yi musu noma da damina.

Dashen ma gaskiya ne, ba tatsuniya ba. An fara cin nasararsa a Boston ta Amurka a 1954 tsakanin tagwaye, asibitin koyarwa na Aminu Kano ya fara nasa a 2002, kuma mutum na rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya. Amma ƙanin nan naka da kuka yi shari'a kan iyakar gona, shi kake sa ran zai ba ka tasa?

Malam mai gardama, ka rage gishiri da magi, ka sha ruwa lokacin bazara. In ka haura arba'in, ko akwai suga ko hawan jini a gidanku, ka je likita a auna jininka, a duba fitsarinka, ko da sau ɗaya a shekara. In sakamako ya fito lau, ka dawo majalisa ka ƙaryata ni, kuɗin shayi a wuyana.