Yadda Ɗan Minna Zai Zama Ƙwararren Ɗan Ƙwallon Gora Ta Kan Ƙanƙara

Akwai sana'o'in da iyaye a Minna suka san hanyarsu ciki da bai. Likita, soja, direban tirela, ɗan siyasa, kowanne an san ta inda ake shiga da ta inda ake fita. Ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ba ta cikinsu, kuma wannan sakaci ne babba, domin mafi ƙarancin albashin ɗan wasa a gasar NHL ta Amurka da Kanada, a kakar 2024 zuwa 2025, dala 775,000 ne a shekara. Wannan fa kuɗin wanda koci bai gama riƙe sunansa ba ke nan. Ya dace a yi wa iyaye bayani dalla-dalla.

Gora dai ba baƙuwa ba ce a garin nan. Ƙungiyar Niger Flickers ta daɗe cikin manyan ƙungiyoyin ƙwallon gora na ƙasar nan. Saboda haka an riga an ci rabin aikin. Sanda akwai, samari akwai, zuciya akwai. Abin da ya rage kawai shi ne ƙasan da za a taka.

Filin tsawonsa mita 61, faɗinsa mita 26, kaurin ƙanƙarar kuma kamar santimita biyu da rabi. Ruwan da za a zuba ya kai lita 40,000, wato jarka 1,600 in daga wajen mai ruwa za a saya. Dole ƙanƙarar ta zauna a wajen digiri biyar ƙasa da sifili, dare da rana, daga Oktoba har Afrilu, in kuma ƙungiya ta yi nisa a gasa, har Yuni. Watan Maris, lokacin da zafin Minna ke tunkarar digiri 40 kwalta na kama takalmi, ya faɗo daidai sa'ad da gasar ke ɗaukar zafi. Da alama wanda ya tsara jadawalin bai tuntuɓi kowa a Bosso ba.

Batun wuta bai kamata ya tayar da hankalin kowa ba. Jihar Neja ce ke da tashar wutar Kainji tun 1968, ga Jebba, ga Shiroro nan kusa da mu tun 1990, ga kuma Zungeru mai megawat 700 da ta zo daga baya. A takarda, babu garin da ya fi Minna cancantar filin ƙanƙara a duk Afirka ta Yamma. A ƙasa kuwa, masana harkar ƙanƙara a garin nan su ne matan da ke sayar da ita daga firiza, kuma duk mai son wannan sana'a ya kamata ya fara da zuwa gaishe su. Mai ƙanƙara tana ƙulla ruwa a leda da yamma, ta jera su a firiza ɗaya kan ɗaya, ta rufe murfin da tsohon bargo, ta kafa wa yaran gida doka kada wanda ya kuskura ya buɗe. In wuta ta kwana, da safe tana da ƙanƙara. In ba ta kwana ba, tana da ruwan sanyi, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Da azumi, masu zoɓo da kunun aya sun kama layi tun kafin la'asar. Yaro zai iya durƙusawa ya ce, "Hajiya, za a samu ta mita 61?" Ba za ta kore shi ba. Za ta ce, "Ɗana, ka leƙo gobe, in an kawo wuta."

Amma an taɓa yi, kuma ɗan Arewa ne ya yi. An haifi Rumun Ndur a Zariya ranar 7 ga Yuli 1975, kuma shi ne haifaffen Nijeriya na farko da ya buga wasa a NHL. Dabararsa mai sauƙi ce: ya bar ƙasar tun yana ƙarami, ya girma a lardin Ontario na Kanada. Akim Aliu, haifaffen Okene a 1989, ya bi ta Yukiren kafin ya isa Toronto, ya buga wa Calgary Flames wasa bakwai. Shi kuwa Jarome Iginla ya fi su duka hanzari, domin mahaifinsa ne ya bar Nijeriya, shi aka haife shi a Edmonton a 1977. Ndur ya ci ƙwallo 2 a NHL. Aliu ya ci 2. Iginla ya ci 625, ga lambar zinariya ta Olamfik har sau biyu, a 2002 da 2010. Alƙaluman ba su bar wurin gardama ba. Gwargwadon saurin tafiyarka, gwargwadon ƙwallayenka, kuma lokacin da ya fi dacewa yaro ya tashi shi ne kafin a haife shi.

Wanda ya isa can zai fara koyon tsayuwa a kan wuƙa yana ɗan shekara uku ko huɗu, domin takalmin wasan wuƙa ce a ƙasansa, kuma wasa ta ake yi a kai a kai. Wayne Gretzky, wanda har yau ba a kamo shi a yawan maki ba, ya koya ne a bayan gidansu a Brantford, inda mahaifinsa ke malala ruwa da hunturu ya daskare. Uban da ke Tunga ko Maitumbi zai iya gwada haka. Zai samu taɓo, da sauro, da ziyarar maƙwabci.

A shekara 16 yaro zai bar gida ya shiga gasar matasa, a ajiye shi gidan wasu mutanen da bai taɓa gani ba su riƙe shi. Ndur ya yi nasa a Guelph Storm. A shekara 18 sai ranar zaɓe, inda ƙungiyoyi 32 ke zama suna ɗaukar yara bi da bi, zagaye bakwai, yaran na zaune cikin kwat da iyayensu suna jiran a kira suna. Buffalo Sabres ta ɗauki Ndur a 1994, shi ne na 69. Kada dangi su yanka rago tukuna. Zaɓe ba aiki ba ne. Yawanci ƙaramar ƙungiya ake tura yaro, ya yi shekaru yana kwana a bas tsakanin garuruwa. Ndur an tura shi Rochester, inda suka ci kofin Calder a 1996.

Shi kansa aikin, yawancinsa zama ne. Wasa minti 60 ne, kashi uku, kowanne minti 20, mutum shida a kowane ɓangare har da gola. Ɗan wasa zai shiga ya yi gudu kamar na daƙiƙa 45, ya fito ya zauna a benci yana haki, wani ya tsallaka katanga ya maye gurbinsa, ba tare da an tsayar da wasa ba. Ƙwallon ba ta da zagaye irin na ƙwallo, baƙar roba ce mai kama da faifai, nauyinta giram 170, kuma a firiza ake ajiye ta kafin wasa don kada ta riƙa tsalle. In gwani ya maka mata sanda takan wuce kilomita 150 a awa. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi ke da likitan haƙori nasu na kansu, kuma ake gane tsohon ɗan wasa da zarar ya yi murmushi.

Sai hukunci, wanda a ganina shi ne ɓangaren da ya fi tsari a duk wasannin duniya. In ka saƙala wa mutum sanda a ƙafa, alƙali ba zai nuna maka kati ba. Wani ɗan ɗakin gilashi za a kai ka, mai benci da gorar ruwa da tawul, ka zauna minti biyu jama'a na kallonka, ƙungiyarka kuma na wasa da ragin mutum ɗaya. Akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne ya buɗe maka ƙofa in lokaci ya cika. Faɗa kuwa minti biyar ne. Ɗan dambe sai ya naɗa kara a hannu kafin ya shiga fage. Ɗan wannan wasa zubar da safar hannu yake yi, ya cafki wuyan rigar abokin karawa da hagu, ya yi aiki da dama, alƙalai na tsaye gefe har sai wani ya kai ƙasa. Rigar ma akwai ɗan maɗauri a bayanta da doka ta ce a haɗa da wando, don kada a tuɓe wa mutum ita ana tsakiyar yi. Komai an tanada.

Nan ne gurbin ɗan Zariya. Aikinsa tsare gida ne, da kuma tabbatar da cewa duk wanda ya taɓa gwanin ƙungiya ya ji a jikinsa. A wasa 69 da ya buga a NHL, ya ci 2, ya taimaka aka ci 3, ya tara minti 137 na hukunci. Awa biyu ke nan da minti 17, kuma babu wanda ya ce bai yi aikinsa ba, domin abin da aka ɗauke shi yi ke nan. Wannan gurbi dai yana ƙarewa yanzu, kuma gara haka. A 2011 'yan wasa uku masu irin wannan aiki suka rasu cikin wata huɗu, duk ba su kai shekara 40 ba, aka fara maganar abin da duka ke yi wa ƙwaƙwalwa da babbar murya.

Iyaye su kuma san cewa ana iya sauya wa ɗansu gari da kiran waya ɗaya, ba tare da an nemi shawararsa ba. Ndur ya tashi daga Buffalo zuwa New York Rangers, daga nan zuwa Atlanta Thrashers. Ita kanta Atlanta ɗin an sayar da ita a 2011 aka kwashe ta kacokan zuwa Winnipeg. Bayan NHL ya buga wa Danbury Trashers, ƙungiyar da wani mai kamfanin kwasar shara ya kafa a 2004 ya ɗora ɗansa mai shekara 17 a kan shugabancinta, tsarin da ba zai ba kowa mamaki a nan ba. Ya kuma buga a Ostiriya da Ingila.

Masu cewa zafi ne ya hana mu ba su duba taswira ba. Florida Panthers, daga jihar da ake yawo da gajeren wando a watan Janairu, su suka ɗauki kofin Stanley na gasar NHL a 2024 da 2025, kuma a tawagar 2024 akwai Kyle Okposo, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne. A Nairobi akwai ɗan filin ƙanƙara a otal ɗin Panari, inda 'yan Kenya ke atisaye. Abin da waɗannan wurare ke da shi firiza ce da ba ta hutawa.

In Allah ya sa ɗan Minna ya kai ga cin kofin Stanley, wanda ake bayarwa tun 1893, al'ada ta ba kowane ɗan wasa damar riƙe shi kwana ɗaya ya kai shi garinsu. Nauyinsa ya haura kilo 15, saboda haka a samo babur mai ƙafa uku, ba acaɓa ba. Kofin na zuwa ne tare da wani ma'aikaci mai farar safar hannu wanda ba ya rabuwa da shi, sai a sa shi cikin lissafin tuwo.